Yaya, Ɓargon Ya Kama, Amma Kin Tafi

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayata a sashen masu cutar jini, bayan doguwar jinyar sankarar jini.

Yaya, ke kika raine ni bayan rasuwar Inna, da keken ɗinkinki kika tsaya mini har na zama mutum. Ko a gadon asibiti ba ki ajiye allura ba. Matan da magani ya zubar musu da gashi, kin ɗinka musu huluna masu laushi, kowace da launin da take so. Akwai wadda ta hana mijinta shigowa don kada ya gan ta haka. Ke kika yi ta lallashinta har ta yarda.

Da likitan jini ya ce magani ya gaza, sai dashen ɓargo, duk mu ƙannenki muka miƙa hannu aka gwada mu. Nawa kaɗai ya dace da naki. Kika kafe, wai ba za a huda ƙashin autanki saboda ke ba. Sai da likitan ya zaunar da ke ya ce, "Shi ɗan ciwon baya kawai zai yi. Ke ce za ki shiga hatsari. Za mu kashe ɓargonki da magani, kuma kafin nasa ya kama, ko mura tana iya kayar da ke."

Kika dube ni kika ce, "To, Auta, Allah Ya sa kada in kwashi lalacinka."

Aka kai ki ɗakin da ba a shiga sai da takunkumi da safar hannu. Ni da mijinki da 'ya'yanki mata biyu muka koma tsayuwa a bayan gilashi. Kullum da safe a ɗebi jininki, mu kuma mu zuba wa ƙofa ido, muna karantar fuskar likita tun kafin ya buɗe baki. Bakinki ya yi gyambo, ko ruwa ba ya haɗiyuwa. Ranar da zazzaɓi ya taso, na'ura tana ta ƙara, ma'aikata suna gudu, aka ja labule a gabanmu. Ƙaramar 'yarki ta riƙe rigata har sai da ta yage.

Kika tsallake wannan. Wata safiya likita ya fito ya ce, "Ya kama." Mijinki ya durƙusa a baranda yana kuka.

Ba mu gama murna ba tari ya fara, ciwo ya shiga huhu. A wayarmu ta ƙarshe, kina kallona ta gilashi, numfashinki yana yankewa, kika ce, "Auta, kada ka kuskura ka ce naka ne bai yi ba. Kwana ne ya ƙare."

Allah Ya jiƙan ki, Yaya, Ya sa wahalar da kika sha ta zama kaffara, Ya yalwata makwancinki. Ni da mijinki, da 'ya'yanki, da matan sashen nan da har yanzu suke jinya, Allah Ya ba mu haƙurin rashinki, su kuma Ya tashi kafaɗunsu. Amin.