Wuƙar Nathaniel a Hannun Ɗalha

Ana ta yaɗawa a Birnin Gwari wai taubashina Ɗalha ya wasa wuƙa har ya yanka sauro da ita, ya feɗe, ya raba wa maƙwabta kashi uku. Ƙarya ce, ina wurin. Ƙuda ne, kuma ya riga ya mutu, fiffike ɗaya kawai aka cire masa.

Ɗalha dai manomi ne, ɗan Kutemeshi, ɗan kawuna. Tun muna yara in an je rafi kowa na wanka, shi yana tsintar duwatsu yana lasa, wai yana jin laushinsu a harshe. Ba maƙeri ba ne, ba mahauci ba, so ne kawai. Ranar da 'yan bindiga suka tashe su, mutane suka kwashi hatsi da awaki, shi ya fito da duwatsun washi uku a aljihu da wuƙa ɗaya wadda ba tasa ba.

Wuƙar ta Nathaniel ce, maƙwabcinsa a gona, da ita yake yankan irin doya. Ran Talata ya miƙo masa ita ta kan iyakar gona, ya ce, "Malam, ta dakushe, ran Alhamis zan karɓa." Ran Laraba 'yan bindiga suka tafi da Nathaniel daji. Bana damina ta huɗu ke nan.

Yanzu Ɗalha a gari yake zaune. Ba ya zancen gona, ba ya zancen komai. Da hantsi zai jiƙa duwatsun a roba, ya fara da mai kaushi, ya koma na tsakiya, ya ƙare da mai santsi kamar sabulu. Gashin hannunsa na hagu ya ƙare wajen gwaji. Matarsa Huraira a buhun masara take ɓoye wuƙar girkinta. Na rantse akwai cokalin da ya shiga gidan nan ya fito aska.

Amma Alhamis ta wuƙar Nathaniel ce. Wuƙar da ba ta yanki komai ba, kowane mako sai an wasa ta. Da faɗinta ya kai yatsa uku, yanzu da kyar ta kai ɗaya.

Sabina, matar Nathaniel, tana toya ƙosai a bakin tasha. An ƙone gidansu, ko hularsa ba ta tsira da ita ba. Sau biyu tana zuwa neman wuƙar, Ɗalha ya ce mai ita ya ce da kansa zai karɓa. Shi ne ta tare ni, ta ce, "Kai da ba ya jin haushin bakinka, karɓo mini kafin ta ƙare."

Na same shi Alhamis ɗin da ta wuce, ruwan toka-toka na bin yatsunsa.

Na ce, "Sannu Sarkin Maƙeran da ba shi da wuta."

Ya ci gaba da washinsa. Sai ƙarar dutse.

"Wannan allurar ta ɗinkin hula ce ko ta asibiti? In Nathaniel ya dawo, sakace za ka ba shi? Sabina ta ce a bar mata ko ƙotar ce, ta riƙa gani."

Hannunsa ya tsaya. Ya ɗaga wuƙar ya daɗe yana kallo, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Ya ɗauraye ta, ya goge da bakin riga, ya naɗe a tsumma.

Ya ce, "Ungo, kai mata. Ka ce aro ne, kafin mai ita ya zo. Kuma ta ƙota ake riƙewa, don na san tunda aka haife ka ba ka taɓa riƙe kayan aiki ba. In kuma sai ka yanke, ka yanke a harshe, gari ya huta."