Inuwar da Na Zuba wa Ruwan Zafi

Na zuba tafasasshen ruwa a gindin wata katanga a Riyad ban yi bismillah ba, abin da ya raba ni da ƙasar ke nan. Wallahi tallahi da ni abin ya faru, ba a bakin wani na ji ba. Wanda ya ga dama ya yarda, wanda bai ga dama ba ya bari.

A shekarun alif ɗari tara da saba'in ne, lokacin da kuɗin man fetur suka sauko wa Larabawa, duk inda ka duba a Riyad rusau ake yi ana gini, a sare gonar dabino yau, wata mai zuwa ka tarar da bene a wurin. Ni mutumin ƙasar Zazzau ne, manomin fadama, ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Aikin hajji ya kawo ni na maƙale, na yi shekara huɗu tsakanin Makka da Jidda ba ni da takarda, in na hango motar 'yan sanda sai in faɗa lungu. Na yi dako, na yi shara, na sha duka. Daga baya wani Balarabe mai kula da gidajen da Turawan kamfani ke haya ya ɗauke ni aikin lambu a Riyad, ya zama kafilina, wato shi ya tsaya mini aka yi mini iƙama, takardar zama. Ko harafi ɗaya ban iya karantawa a cikinta ba, amma na ɗinka mata jakar fata na rataya a wuya. Wanda bai yi shekara huɗu yana gudu ba, ba zai san me takardar nan take a wurina ba.

Ranar da ya kai ni gidan da zan yi aiki, ya nuna mini matar gidan ya ce, "In Madam ta kawo ƙararka sau ɗaya, halas." Wato shi ke nan, an gama. Ya yi da hannu kamar mai yaga takarda.

Madam Baturiya ce doguwa, mijinta injiniya ne, yana can hamada wurin aikin hanya, sai ƙarshen mako yake dawowa. Ba ta da 'ya'ya, ba ta cika fita ba, ita da bango huɗu. Da sanyi ya shigo ta dawo daga hutu a ƙasarsu da wani kwali, a ciki akwai saiwoyi goma sha biyu an naɗe su da jiƙaƙƙiyar jarida. Hosta ta ce sunan abin. Ta nuna mini hoton lambun uwarta, daga can ta haƙo su, ganyen faffaɗa ne kamar na gwaza. Na yi mata nuni da hannu a baki, ana ci? Ta yi dariya ta girgiza kai. Ba a ci, ba a sayarwa, kallo kawai.

Abin ba ya son rana. Duk gidan kuwa wuri ɗaya ne rana ba ta sauka, wani ɗan tsukin lungu ta arewa, tsakanin bangon ɗaki da katangar waje, inda magina suka bar kututturen dabino guda ba su tumɓuke ba. Ko da tsakar rana ka shiga wurin sai ka ji sanyi ya taɓa maka wuya. Nan muka binne su goma sha biyu a jere, kowace ta kafa mata ɗan tsinke. Da guntun Larabcinta ta ce mini barci suke yi, mamnu'u in tona, mamnu'u in taɓa, wato an hana, in yayyafa ruwa kaɗan in jira. In sanyi ya fara ja baya za su fito da hanci. Ta taɓa hancinta don in gane.

To, muka shiga jira. Mako huɗu, mako biyar, mako bakwai, ƙasa shiru. Kullum da safe ta fito da kofin shayinta ta tsuguna a kan tsinkayen nan, ta duba ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ɗago ta dube ni. Kallon nan shi ya hana ni sukuni. Ni dai a sanina, iri in ya wuce kwana goma bai tsiro ba, ko ya ruɓe ko wani abu ya riƙe shi. Sanyin Riyad kuwa ba wasa ba, akwai safiyar da na tarar ruwan bokiti ya yi ɓawon ƙanƙara. Sai na ce a raina sanyi ne ya danne su. A gida duk abin da sanyi ya kama zafi muke ba shi, mai jego ruwan zafi, 'yan tsaki gefen murhu. Ashe shi wannan tsiron sanyin yake so, sai daga baya na sani.

A unguwar Manfuha nake kwana, mu shida a ɗaki ɗaya. Babbanmu Baba Tanko ne, wani tsohon Bakano mai dakon kayan miya a kasuwar Utaiƙa. Na gaya masa damuwata, ya kwashe da dariya.

"Kai Bazazzagi, ka baro gwazar ubanka a fadama ka zo nan kana gadin ciyawar da ko akuya ba ta ci!"

Na ce, "Baba, ciyawar nan ita ke riƙe da iƙamata."

"To ka ƙyale ta ta yi barcinta mana. An ce ka jira, ka jira. Ku Zage-zagi kanku da tauri kamar ƙwallon goruba."

Ban ji ba.

Wata Talata Madam ta shiga maƙwabta wurin wata 'yar ƙasarsu. An kira azahar, unguwa ta yi tsit. Na ɗora butar shayi a kan risho a ɗan ɗakin da nake ajiye fartanya, niyyata in sirka da na sanyi ya yi ɗumi, in gwada a kan guda uku in gani. Ruwa na tafasa sai na ji mota a bakin ƙofa, na ce maigida ne ya dawo, na sunkuci butar da gudu na juye ta yadda take a kan ukun ƙarshe, na kusa da kututturen. Tun muna yara uwata kan zane mu a kan wannan, ba a zuba ruwan zafi a ƙasa baki rufe, sai an yi bismillah, don wuri yana da masu shi. Ranar nan na manta. Ƙasa ta yi cuu, kuma wallahi a cikin ƙarar nan na ji wani ya ja numfashi ta haƙora, irin na mutumin da ya ƙone. Na waiga, ba kowa. Motar ma wucewa ta yi.

Washegari da tsakar rana, Madam tana ciki tana hutawa, na lallaɓa na sa yatsa na tona ɗaya daga cikin ukun. Ta dahu luguf, ta marmashe a hannuna kamar dafaffen dankali. Na tona ta biyu, na tona ta uku, duk haka. Inna lillahi. Na mayar da ƙasa na rufe, na miƙe, sai ga ta.

Tsohuwa ce, baƙa, 'yar ƙarama, ta jingina da kututturen ta miƙe ƙafafu a kan tsinkayen Madam. Baƙin zanen saƙi ne a jikinta irin na kakanninmu. Ƙofar gida a kulle take, makulli yana aljihuna, katanga ta fi ni tsawo, an jera mata fasassun kwalabe a kai. Ƙwaurinta na hagu duk ya yi bororo, ta sunkuya tana hura masa iska. Ba ta dube ni ba. Da Hausa ta yi magana, Hausa tsantsa, ba Larabci ko ɗaya a ciki.

"Ɗan nan, da ka yi magana ai da na janye ƙafata."

Ta ƙara hura wa ƙwaurin iska.

"Dabinon duk sun sare," in ji ta. "Inuwar nan kaɗai ta rage mini, ita ma ka biyo ni da wuta."

Da ƙyar na ce, "Iya, ki yi haƙuri." Na sunkuyar da kai, na ɗago, babu ta. Sai gurbin zama a ƙasa, da sawun dunduniya biyu.

Da yamma ƙafata ta fara ƙaiƙayi. Da gari ya waye ƙwaurina na hagu ya yi bororo tun daga idon sawu har kusa da gwiwa, ni da ko ɗigo bai taɓa ni ba. Baba Tanko ya duba, bai yi tsokana ba ranar nan. Abin da ya fara tambaya shi ne, "Me ka zuba, a ina?" Ya raka ni asibiti, muka dace da likita ɗan Najeriya. Yana gani ya ce, "Malam, wannan ai ƙunar ruwan zafi ce, wa ya watsa maka?" Na ce ba kowa, likita. Ya dube ni, sannan ya wanke ya ɗaure.

Kwana uku da wannan, ina shiga gidan na ji Madam tana ƙwala mini kira. Na je na tarar da ita a durƙushe. Hanci uku sun fasa ƙasa, a naɗe, masu tsini, kore da ɗan shuɗi-shuɗi. Ukun ƙarshe. Waɗanda na dafa, waɗanda na marmashe da yatsana. Sauran tara ko alama. Tana tafi tana ce mini "Kuwayyis, kuwayyis," wai na iya aiki, har da hawaye a idonta. Ni kuwa na san abin da na binne a ramukan nan, kuma na yi noma tun ina ƙarami, dafaffen abu ba ya tsiro.

Cikin mako guda ganye ya buɗe kamar tafin hannu. Madam ta mayar da ni wurin gaba ɗaya, ban-ruwa safe da yamma, cire ciyawa, gyaran ƙasa. Nan na lura da wani abu. Duk ranar da na taka inuwar nan, ƙunar sai ta hau sama kamar faɗin yatsa biyu. Ranar Juma'a da ba na zuwa aiki sai ta tsaya, har bakinta ya fara bushewa. Asabar in koma, ta ci gaba. Ta wuce gwiwa ta kama cinya.

Baba Tanko ya ce in je in yi sallama kamar yadda ake shiga gidan mutane, in nemi gafara da baki. Na je da tsakar rana na tsaya a bakin inuwar, ƙafata a cikin rana, na ce, "Salamu alaikum, Iya." Aka amsa daga bayan kututturen. Ban ga kowa ba, kuma ban leƙa ba.

"Na yafe maka tun ranar, ɗan nan. Amma duk takun da ka yi a nan, a kan ƙunar kake yi."

Na ce, "Iya, ita farar fa? Kullum tana nan."

"Ita ba ta ƙona ni ba."

Shi ke nan abin da aka ce mini. Na ƙara sallama, shiru.

Kwana tara na ƙara ina cijewa saboda takardar da ke wuyana. Na gwada tsayawa daga nesa in harba ruwa da tiyo, Madam ta fito tana faɗa, wai ƙarfin ruwan yana kwantar mata da ganye, sai dai in shiga da gwangwani in zuba a hankali a gindi. Na shiga. Ƙafa ta fara wari. Likita ya ce in ta ƙara hawa sai dai a yanke, kuma ya daina tambayata wa ya watsa mini.

A rana ta goma na tsaya a bakin lungun na ce wa Madam ba na shiga. Ba ta gane ba, sai na kwance ƙyallen na nuna mata. Ta ja da baya ta toshe hanci, ina jin ta ɗauka cuta ce mai yaɗuwa, ta shige ciki ta buga waya. Ban ga laifinta ba. Kafili ya zo, ko daga mota bai fito ba, ya sauke gilashi.

"Za ka shiga ko ba za ka shiga ba?"

Na roƙe shi ya mayar da ni wani gidan, ko shara ce. Ya ce irina ɗari suna bakin ofishinsa suna jira. Ya sake tambaya, na ce ba na shiga. Ya miƙo hannu. Na cire jakar fatar daga wuyana na sa masa.

Mako biyu na yi a tsare da sauran waɗanda za a kora, sannan aka sa mu a jirgin Kano. A cikin ɗakin tsaron nan, ba magani ba likita, ƙunar ta bushe ƙarƙaf.

Ko wace ce ita, ban sani ba. Baba Tanko ya ce mutanenmu da yawa sun bi hanyar hajji a ƙafa tun zamanin da, ba duka suka kai ba, ba duka suka koma ba. Wani malami da na gaya wa ya ce mutanen ɓoye kowane harshe suna ji. Ni ban ƙara komai a kai ba. Abin da har yau yake tayar mini da tsikar jiki shi ne ganina na ƙarshe da wurin. Ina bin motar kafili zan fita, na waiga, Madam ta koma ta tsuguna a gaban tsiranta tana musu magana, ba iska ko kaɗan, sai na ga ganyen ukun nan sun kwanta gefe guda a tare, kamar wani ya gyara zama ya ba ta wuri.

Ku da kuke fita neman abinci a ƙasar mutane, in kun tarar da wuri ya fi ko'ina sanyi ba dalili, ku yi sallama kafin ku taka. Kome saurinku, kada ruwan zafi ya bar hannunku baki rufe.

Yanzu ina ƙauyenmu, na tsufa, ina tafiya da ƙafafuna biyu. Ban sake barin ƙasar nan ba. In rana ta take, mutane su koma gindin bishiya, ni a fili nake shimfiɗa tabarmata.