Bustar Injiniya

A layinsu ba wanda ke kiransa da wani suna sai Injiniya, kuma ba ƙarya aka yi masa gaba ɗaya ba, domin shekara ashirin da bakwai ya yi yana aiki a gidan talabijin. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne a bakin ƙofa ya yi su. Shi ke ɗaga sandar ƙarfe mota ta shige, ya sauke, ya rubuta lamba a littafi. Injiniyoyin gaske suna wucewa ta gabansa safe da yamma, wani ya ɗaga masa hannu, wani ko kallo bai ishe shi ba, shi kuwa yana tsintar abin da ya faɗo daga bakinsu. A haka ya tara kalmomi kamar goma, ya kawo su unguwa ya baza.

In hoton wani ya lalace aka zo wurinsa, sai ya ɗaga kai ya dubi sama, ya jinjina, ya ce, "Sigina ce ta yi ƙasa. Ku ba ta zuwa gobe." Gobe ta yi, hoto ya dawo don kansa, sai ka ji ana cewa kai, mutumin nan ya san aikinsa. Ko sau ɗaya bai taɓa kwance bayan talabijin ba. Ƙwan fitilar ɗakinsa ma in ya mutu, matarsa ce ke hawa kujera ta canza, shi yana ƙasa yana ba da umarni.

Da aka yi masa ritaya, aka karɓe kakin da hular da usur. Sunan ne kaɗai ba su karɓa ba, don ba su san yana da shi ba. 'Ya'ya sun yi aure sun watse, gida ya rage daga shi sai ita. Ya sa benci a ƙofar gida, kullum yana kai daga hantsi, kuma duk abin da ke tashinsa da safe bai wuce a zo wucewa a ce "Injiniya, barka da hutawa" ba. Ku yi masa dariya in kun ga dama, amma da a taɓa masa sunan nan gara a hana shi abinci kwana uku.

Ana nan sai wani mai hali ya dasa bene hawa uku a bayan gidansa, ya tare masa hanyar tasha. Talabijin ɗin Injiniya ta fara yayyafi, mai karanta labarai ya zama mutum biyu, kowanne da rabin baki. Gidan kowa hoto tas, sai gidan masani! Ya daina cewa baƙi su shigo falo. Bayan sati biyu na wannan abin kunya, ya shirya ya tafi kasuwa sayen busta, wato ɗan akwatin nan da ake ɗaurawa a jikin sandar eriya ya ƙara mata ƙarfi.

Mai shagon dattijo ne da ya tsufa a gyaran rediyo. Ya fito da kaya kashi biyu, akwatin da ke hawa sama da wanda ake jonawa a wuta cikin ɗaki, ya fara bayani. Ya ce a datse waya daidai tsawon da ake bukata, a haɗa bakinta tsaf kar a bar gashin tagulla a waje, sannan akwai ɗan maɓalli a ciki da ake murɗawa, kar a wuce da shi rabi, in ba haka ba...

"Malam," Injiniya ya katse shi, "ka san da wa kake magana?"

Dattijon ya dube shi sama da ƙasa, ya ce bai sani ba, ya zuba kaya a leda ya miƙa masa.

Ranar Asabar da hantsi aka yi aikin, lokacin da layi ke cike da mutane, don ba a yin irin wannan abu a ɓoye. Ya ari tsani wurin mai walda da ke haya a shagon ƙarshen layi, ya sa matarsa ta riƙe masa. Ya hau da babbar riga, ya kai mataki na huɗu ya sauko ya tuɓe, ya sake hawa. Yana kaiwa sama ya fara ba da umarni.

"Miƙo min wuƙa."

"Wuƙar girkina, Malam?"

"A wurin aiki muna da ta musamman. Miƙo dai."

Ya fere waya kamar mai feraye rake, gashin tagulla ya yi cirko-cirko ta ko'ina, ya cusa shi a akwati a haka. Waya ta yi saura kusan taku goma. Ya ce shi bai ga dalilin datse abu mai kyau a zubar ba, sai ya nannaɗe ta a wuyan eriyar. Ya zo kan maɓalli, ya tuna maganar dattijo, ya yi tsaki. Wanda ya je sayen ƙarfi ai ba rabin ƙarfi ya je saya ba. Ya murɗa har sai da abin ya ƙi gaba. Ya rufe da leda, ya ɗaure da robar tsohon tiyub, ya sauko yana kakkaɓe hannu yana duban ko an gani.

Da aka jona, tasha ɗaya ta fito tar, sauran duk suka zama zane-zane. Da yake wadda ta fito ita ce tsohuwar ma'aikatarsa, ya ce dama sauran ba su da abin kallo.

Kafin yamma telan layin ya aiko. Talabijin ɗin shagonsa ta cika da layuka masu gudu, rediyo kuma sai fito take kamar an taka wutsiyar kyanwa. Kafin Injiniya ya gama duban sama, sai ga direba, sai ga mai kanti, sai ga malamar makaranta da ke gidan kusurwa. Gida goma sha ɗaya, ciwo iri ɗaya. Ya ce su ba ta zuwa gobe. Gobe ta zo ta wuce, jibi ma haka.

Wallahi bai taɓa yin sati mai daɗin wannan ba. Benci ya yi kaɗan, aka ƙaro kujeru. Ana kawo masa lemo mai sanyi. Yana shiga gida-gida, hannu a baya, ya tsaya gaban talabijin ya yi "hmm", masu gida su yi tsit. Ya ɗora laifi a kan zafin rana, ya ɗora a kan benen, amma mutane suna son wanda za su iya nunawa da yatsa. Ran Talata yana zaune ya hango tartsatsi na tashi a ƙarshen layi, sai kawai bakinsa ya ce, "Injin waldar can ne. Shi ke shanye siginar unguwa."

Shi ke nan, magana ta zauna. Mai walda mutum ne mara surutu, wata takwas da zuwansa, iyalinsa na ɗakin da ke bayan shagon. Ya ce shi fa tun zuwansa da injin nan yake aiki. Aka ce to shi ya fi Injiniya sani ne? Ya rufe shago kwana biyu cur don a gani, layuka ba su fasa gudu ba. Aka koma wurin Injiniya, ya ce ai injin ya riga ya ɓata iskar wurin, sai an fitar da shi gaba ɗaya za ta warke. Dattawan layi suka sami wanda ya ba shi hayar shagon, aka tsayar da ranar Asabar da yamma za a taru a ba mai walda notis.

Ranar Juma'a wajen ƙarfe huɗu Injiniya na shagon tela yana bayani. Ya nuna talabijin, ya nuna ƙarshen layi inda mai walda ya buɗe yana ƙarasa wata ƙofa, wuta na ta walƙiya. "Kun gani ko? Muddin abin can na ci, hoton nan ba zai..."

Hoto ya fito tas. Har ƙurajen fuskar mai talla ana gani.

"Haka take yi kwanan nan," in ji tela. "Ƙarfe huɗu ta dawo, biyar ta gudu. Mene ne sirrin, Injiniya?"

Ya ce wannan sai ya duba littattafansa. Bai da littafi ko ɗaya, amma ya tashi ya nufi gida. Ya ɗaga labulen falo. Matarsa na tsaye tana guga. Ban da na talabijin, soket ɗaya ne a falon, dutsen guga na ciki, filogin busta kuwa yana yashe a ƙasa.

Ya tsaya yana kallon filogin. Ita ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun Litinin. Na zare don in goge maka riga, na ji matar tela ta katanga tana ihu hoto ya dawo. Na mayar, ta ce kash. Sau uku na gwada baiwar Allah." Ta juya rigar. "Kullum ƙarfe huɗu nake guga don ta samu ta ga wasan kwaikwayonta. Kayan gidan nan sun ƙare, Malam. Jiya labule na goge."

"Shi ne ba ki faɗa min ba?"

"Ni wa? Ina ce kai ne injiniya." Ta ajiye dutsen, ta dube shi a karon farko. "Na zaci za ka gano da kanka. Amma mutumin can yana da 'ya'ya biyar, gobe kuma Asabar."

Ya zauna a kujera. Kar ku zaci nadama ce ta fara zuwa masa, lissafi ne ya fara. In ya bari aka kori mai walda, sannan ya zare filogin a ranar, hoto zai dawo, sunansa kuma ya kai har layin baya. In ya fita ya faɗi gaskiya, gobe ba mai ce masa ko sannu. Na farkon ya yi masa nauyi, don ba mugu ba ne. Na biyun kuwa ko kusa da shi bai je ba. Ya yi ta juya abin har ya samo hanya ta uku, irin wadda ba ta cin mutum komai.

Ran Asabar, kafin a taru, ya naɗe filogin ya jefa bayan kabad. Ya ɗauki sukundireba da wani guntun waya, ya fita ya sanar cewa ya kwana yana nazari, kuma ya ga ba sai an kori kowa ba, zai yi wa injin magani. Jama'a suka bi shi ɗuu har ƙarshen layi. Ya zagaya injin walda sau biyu, ya ƙwanƙwasa gefensa, ya ɗaura guntun wayar a hannun ɗauka inda ba ta taɓa komai, ya ce a je a kunna talabijin.

Ihu ya tashi daga gida-gida. Direba ya rungume shi. Tela ya ce shi dama ya faɗa, irin su Injiniya ba a san darajarsu ba sai an shiga uku. Sai babban dattijon layin ya juya wurin mai walda ya ce to, tunda an rufa masa asiri, ya kamata ya ba mutane haƙuri, ya kuma yi godiya.

Mai walda ya cire baƙin gilashinsa. Matarsa na leƙe ta bayan ƙofa da goyo. Ya dubi guntun wayar da ke lilo a jikin injinsa, ya dubi jama'a, ya sunkuyar da kai. "Ku yi haƙuri da abin da na jawo muku," ya ce. Ya rusuna wa Injiniya. "Na gode, Baba."

Injiniya ya ce ba komai, ai yi wa kai ne.

Ya koma gida ga talabijin mai yayyafi, akwati na can sama a cikin leda ba ya aikin komai, kuma ba damar sauke shi kar a tambaya. Bayan kwana uku, da rana tsaka yana kan benci shi kaɗai, sai ga mai walda da doguwar sandar ƙarfe a kafaɗa, sabuwar haɗi, an shafe ta da jan fenti. Ya jingine ta a bango.

"Baba, wannan za ta ɗaga eriyarka ta wuce benen. Ba ka bukatar akwatin can."

Injiniya ya buɗe baki, ya nemi kalma ɗaya cikin goman nan, bai samu ba.

"Na yi shekara huɗu a shagon gyaran rediyo kafin in koma walda," in ji mai walda, a hankali yadda ba mai ji. "Tun ranar da ka sauko na ga yadda ka naɗe wayar."

"To me ya hana ka faɗa musu?"

"Wa zai yarda da ni a kanka?" Ya goge hannu a jikin wandonsa. "Kuma na duba na gani, ni in aka kore ni, zan ɗauki injina in nemi wani layin. Kai in aka kore ka daga bencin nan, ina za ka?"

Ya ce zai dawo da yamma ya kafa masa, in mutane sun taru, shi Baba sai ya tsaya a ƙasa ya riƙa nuna masa yadda ake yi.