Ranar da Na Raka Surukina Kan Dutse

Shekarar da ruwan madatsar Bakolori ya fara cika, ban daɗe da aure ba. Mahaifin matata tsoho ne marar yawan magana, idonsa kuma ya soma yana. Gonarsa ta fadama a ƙasar Maradun tana cikin waɗanda ruwa ya ci, amma ya ce bai yarda ba sai ya je da ƙafarsa. 'Ya'yansa maza duk suka zille. Da ya aiko a kira ni, ba ni da bakin cewa a'a.

Bayan asuba muka fita. Tsohuwar hanya ta nutse, dole muka bi ta kan duwatsu, ga shi an kwana ana ruwa, ko'ina santsi. Yana gaba da sandarsa, ina biye da goran ruwa. Duk sanda ƙafarsa ta zame sai in miƙa hannu, in janye. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, balle in taɓa jikinsa.

Da hantsi muka kai sama. Ruwa ne kwance har iyakar gani, ya kutsa tsakanin tuddai ya yi tafkuna inda da muke noman dankali da albasa.

"Mi ka gani?" ya tambaye ni.

"Ruwa, Baba."

"Duba gabas ga giginya, akwai tsamiya babba. Nan a iyakata."

Na duba. Giginyar ruwa ya kai mata wuya, tsamiyar kuwa kanta kawai ya rage, balbelu sun yi mata fari fat. Na faɗa masa yadda na gani. Sai ya ce zai sauka ya taɓa ruwan.

Wajen da ya nufa falalen dutse ne mai gangara, ƙarshensa cikin tafki. Na ce, "Baba, nan babu hanya." Ko waiwayowa bai yi ba. Hadari ya taso, iska ta cika masa riga. Sai sandar ta suɓuce, na ji ƙararta tana dukan dutse har ta faɗa ruwa. Shi ma ya zauna daɓas, ya fara sulalewa.

Ban san lokacin da na kai gare shi ba. Na cafki wuyan rigarsa, ta yage, na damƙi tsintsiyar hannunsa, ɗaya hannuna na riƙe da saiwar wani ƙaramin icce da ya fito a tsagar dutse.

"Sake ni."

"Ba ni saki, Baba."

Ruwa ya kece. Saiwar tana motsi a hannuna, gwiwata tana jini, ina jin numfashinsa sama-sama. Ya daɗe yana fuskantar tafkin kafin ya ce, "To, ja ni."

Da rarrafe muka koma sama, muka raɓe ƙarƙashin wani dutse har ruwan ya ɗauke. Wajen saukowa ya dafa kafaɗata, muna tafe muna hutawa. Sai bayan la'asar muka shiga gari, muka tarar 'ya'yansa sun bazu nemanmu. Shi dai ya nemi ruwan zafi ya shige ɗaki.

Ni kuwa gwiwar ta kumbura, har aka gama maimai a damanar nan ban iya sunkuyawa da fartanya ba.