Malam Sabiru Sai-An-Gwada Ya Tafi, Damina Ba Ta Ƙare Ba

Gaisuwa ga manya da ƙanana, mutanen Gusau, Tsafe, Bunguɗu, har da waɗanda ba su gaishe ni! Ni ne Lawwali, sarkin 'yan kabu-kabu na Bilbis, wanda rami ke kauce ma. Amma yau ba ni da dariya.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata sha biyu ga Agusta munka rasa Malam Sabiru mai kemis.

Malam, ni nik kai ka Gusau bisa mashin lokacin da gwamnati tak kira masu kemis horo kan zazzaɓin cizon sauro. Ka dawo ka daina yi muna haɗi. Da, mutum ya ce jiki ya yi zafi, a zuba mashi ƙwayoyi kala-kala cikin leda. Kai ko kac ce sai an soki yatsa an gwada jini. Mutane sunka gudu, sunka laƙa maka Sai-An-Gwada. Ni da kaina, jarumin gari, na ce maka: "Malam, ni ciwo na shawara da ni kafin ya kama ni, ba ni haɗi!" Kac ce: "Lawwali, miƙo yatsa, ko in kira yara su riƙe ka." Na miƙa. Ƙarar da anka ji har kasuwa ba tawa ba ce.

Bara ɗiyata Ladidi tana ta fizge-fizge, ka gwada, ka ba ta magani na gaskiya, ka biyo mu gida kana tambaya ko ta shanye.

To yanzu Ladidin ce kwance da zazzaɓi. Matarka Mansura ta iya gwajin, kai kak koya mata, amma abin gwajin ya ƙare, masu kawowa kuma kai kaɗai sunka sani. Hanyar Tsafe zuwa Gusau kowa ya san haɗarinta. Masu tallan haɗi har sun fara zagaya ƙofarmu. Na kasa zama, na kasa fita aiki.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya ba Mansura da yara da mutanen Bilbis haƙuri.

Kai mai karatu, in kana da lambar jami'in zazzaɓin da ke rabon abin gwajin nan a Gusau, turo mani ita yau. Mashin na da mai, ni zan tai in ɗauko.