Jikan Mayaƙan Teku a Whitby

A kan benci, bakin tashar jiragen ruwa ta Whitby, wani dattijo yana zaune da soyayyen kifi da dankali a takarda bisa cinyarsa. Hancinsa jajir, rigar ruwa har gwiwa, ga safa cikin sandal. Da gani tsohon malamin makaranta ne: shi ya yi ritaya, bakinsa bai yi ba.

Ni ya kama yau, don na yi gangancin gaishe shi.

"Abokina, ka san ma'anar Whitby? Farin ƙauye. Ba Turanci ba ne, yaren mayaƙan Denmak ne, waɗanda suka ƙetaro teku da gatura shekara dubu da suka wuce. In ka ji sunan gari ya ƙare da 'by', su suka raɗa shi." Yana dukan ƙirji da ɗan cokalin katako. "Jininsu ne a jikina. Mu ba mu san tsoro ba."

Matarsa tana gefe tana cin nata, ta kare kifin da tafin hannu kamar kowane ɗan gari. "Desmond, rufe kifinka."

Ina! Sai ma ya ɗaga shi sama yana nuna mini gabas, inda kakannin suka fito. Wani farin tsuntsun teku ya sauko, ya fauce kifin ɗungurungum. Jarumin ya ƙwalla ihu, ya cusa kai bayan matar.

Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"To, ga jikansu na gaskiya can, ya zo ta teku ya ƙwace ya wuce. Kai kuwa, ubanka daga Birmingham ya zo tallar kafet."