Jakar Da Ta Shige Cikin Riga

Kafin in ba ku labarin tafiyar da na yi zuwa Maruta, akwai abin da ya kamata in fara faɗa, wanda da ana sake abin da ya wuce da shi zan fara sakewa.

Ni mai ɗaukar hoto ne a Birnin Kudu, a cikin sana'ar nan na yi furfura. Duk tsawon shekarun nan, da wata ƙatuwar baƙar jaka nake yawo. Ba wai kayan aikina sun isa su cika ta ba ne. So nake idan na sauka a gari a ce babban mai hoto ya zo. Idan zan shiga ƙauye sai in sa a ɗaure ta da roba a kariyar babur, kyamara na ciki tana ta karo da sauran tarkace.

Shekarun baya wani dattijo a Maruta, cikin ƙasar Gwaram, ya dawo daga aikin Hajji tare da matarsa, aka kira ni na ɗauke su hoto. A hanyar dawowa girgizar babur ta ɓalle murfin bayan kyamarar, haske ya shiga ya ƙone fim ɗin kaf. Da idona na gani lokacin da na buɗe jakar. Na rufe na yi shiru, na aika musu cewa masu wanki a Kano ne suka ɓata aikin. Ba a jima ba Hajiyar ta rasu, ba ta bar hoto ko ɗaya ba.

To, a daminar nan babban ɗan Alhajin, wanda ya koma aiki Dutse tun da aka yi mana sabuwar jiha, ya zo shagona. Ya ce jikin mahaifinsu ya yi rauni, 'ya'ya da jikoki za su taru ranar Juma'a, washegari kowa ya kama gabansa, kuma ba wanda ya san ko za a sake irin wannan taro da tsohon a raye. Suna son hoto. Na ce akwai matasa masu sabbin kyamarori. Ya ce Alhaji ya ce ni za a kira. Na amsa.

Mun tashi da asuba ni da shi, ana idar da salla muka nufi tasha. Garin ya kwana da ruwa, ƙasa sai ƙamshi take, duwatsun bayan gari sun yi baƙi wuluk saboda danshi. Muka karya da kunu da ƙosai a tsaye, mai ƙosan tana ta mitar tsadar man gyaɗa kamar mu muka ƙara masa kuɗi. Bas ta cika da 'yan kasuwa masu buhunan gishiri da katan ɗin sabulu. Kwandasta ya dubi jakata ya ce ko dai a jefa ta sama, ko in biya mata kujera. Na zaro kyamarar na naɗe ta a hirami na rungume a cinya, na bari aka ɗaure jakar a sama tare da wata akuya.

Hanyar Gwaram a wannan lokaci kyakkyawar kallo ce, muguwar tafiya. Hagu da dama gero ya fi mutum tsawo, dawa ta yi kore shar, mata na tsinkar rama a gefen gona. Kwalta kuwa ruwa ya ci gefenta, direba sai kauce wa rami yake yana faɗa wa wanda ya fi shi. Wani manomi mutumin Sundimina da ke kusa da ni ya ga yadda na rungume hiramin, ya tambaya ko jariri ne. Na ce kusan haka. Hirar motar duk ta sabuwar jiha ce: wannan ɗansa ya sami aiki, wancan an ce za a kawo musu rijiyar burtsatse, kowa da abin da aka ce masa. Ni dai hankalina na kan cinyata. Duk ramin da muka faɗa sai in laluba murfin nan in ji ko yana rufe. A nan na yanke shawara cewa kyamarar nan ba za ta sake hawa kariyar babur ba.

Mun isa Gwaram da hantsi. Daga nan babur za mu hau, don a damina ƙaramar mota ba ta yarda da hanyar ƙauyen. Na ce wa abokin tafiyata ya yi haƙuri, sai na shiga kasuwa neman ƙaramar jaka. Ya dubi sama, gabas ta fara haɗa hadari, ya biyo ni.

Mun fara da rumfar dukawa. Wani baduku ya miƙo mini gafaka, irin jakar fata da malamai ke sa Alƙur'ani, jan aiki mai kyau, har na so ta. Amma an yi ta ne don takarda, shafal take, kyamara ta ƙi shiga sai da turawa, kuma ba abin da zai tare ta idan ta bugu. Abokin tafiyata ya ce idan na rataya wannan, kafin mu kai Maruta an tare ni neman addu'a sau goma. Muka yi godiya muka wuce.

Sai wurin mai gwanjo, wani ɗan Kano mai baki, ya baje jakunkuna a kan leda. Da farko ya ɗago mini jakar makaranta mai hannu biyu ta goyawa. Na ƙi, don abin da ke bayanka ba ka ganinsa, kuma kafin ka sauke ka buɗe, abin da za ka ɗauka ya wuce. Ya ɗago wata mai sheƙi.

"Baba, ga wadda ta dace da kai."

"Wannan ai ta amare ce."

"To ai kai ma da sauranka, Baba. Ko Hajiya ce ta hana?"

Na ce ya bar ni in tona da kaina. Can ƙasan tulin na ci karo da wata 'yar ƙarama, ruwan ƙasa, ta ɗan koɗe. Na matsa jikinta na ji soso a ciki ta kowane gefe har da ƙasa. Cikinta an raba shi biyu. Tana da murfi da ke rufo bakin gaba ɗaya ya sauko, ba zif kaɗai ba da ruwa zai bi ta haƙoransa. Maratayinta mai faɗi ne, ana iya rage shi a ƙara shi. Na ja ɗinkin da ya riƙe maratayin da ƙarfi, bai motsa ba. Na shinshina cikinta ko da warin danshi, don danshi shi ke sa idon kyamara ya yi fumfuna. Babu.

Sannan na gwada ta da kayan da kansu. Kyamara ta zauna a ɓangare ɗaya daram, ba ta da wurin yin rawa. Fitilar kyamara ta shiga ɗayan. Fim da batura da ƙyallen goge ido suka shige aljihun gaba. Na girgiza ta kusa da kunnena, ban ji komai na karo ba. Daga nan na tuɓe babbar rigata a tsakiyar kasuwa, na rataya jakar ta kafaɗa ta ratsa ƙirji, na mayar da rigar a kai. Ta shige ta kwanta a kan cikina. Na hau bencin mai gwanjon na zauna irin zaman babur, na sunkuya, na miƙe, na zura hannu ta hannun riga na zaro kyamarar. Masu wucewa suka tsaya kallo. Mai gwanjon ya ce shekararsa nawa yana sayar da jaka, bai taɓa ganin wanda ya saya don ya ɓoye ba. Muka ɗan ja ciniki, ya rantse faɗuwa ya yi, na rantse tsada na saya, muka rabu kowa na murmushi.

Abin da ya yi mini wuya shi ne barin sauran kayan. Ƙarfen kafa kyamara, labulen bango mai zanen furanni, kundin tsofaffin hotuna da nake nuna wa mutane, har da huluna da tabarau na ara wa samari. Na dube su na ga ba ko ɗaya da tsohon nan yake bukata. Na bar ƙatuwar jakar ajiya a shagon wani tela, muka sayi gasasshiyar masara muka hau babura biyu.

Ba mu yi nisa ba ruwa ya sauko, irin mai zuwa da iska a karkace. Babu wurin fakewa sai gonaki. Rigata ta jiƙe ta manne, na dunƙule gabanta na rufe cikina da hannu biyu, na sunkuya a bayan ɗan acaɓan. Hanya ta zama taɓo, babur na wutsil-wutsil kamar kifi. Da muka iso wani rafi da aka ce da rani ko kaza na tsallake shi, muka tarar ya kawo har cinya. 'Yan acaɓan suka kama baburan suka tura. Ni kuwa na rage maratayin har jakar ta hau ƙirjina, na naɗe wando na shiga. A bakin gaɓar can santsi ya kwashe ni na zauna daɓas cikin laka. Takalmina ɗaya ya bi ruwa. Abokin tafiyata ya ɗago ni yana tambayar ƙuguna, ni kuwa hannuwana biyu na kan ƙirji, ko tokarawa ban yi da su ba.

Mun shiga gidan Alhaji a Maruta ana shirin tafiya masallaci. A zaure na tuɓe rigar, na ajiye jakar a kan tabarma, na ɗan jima ina kallonta kafin in iya buɗewa. Bayanta ya yi danshi. Cikinta a bushe yake ƙayau. Murfin kyamara na rufe. Na gwada fitila ta haska. Na ce Alhamdu lillahi da ƙarfin da ya sa mutanen zauren suka juyo.

Aka ara mini riga da silifa muka yi Juma'a, aka kawo tuwon dawa da miyar ɗanyar kuɓewa da man shanu, na ci kamar ba ni ba. Bayan la'asar sama ta washe, haske ya yi laushi, irin wanda mai hoto ke roƙo. Aka fito da Alhaji a kan kujera aka ajiye shi a gindin bishiyar tsakar gida. Ya rame ƙwarai, amma idonsa na nan. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Mai hoto, ina rumbun naka? Ko talauci ne ya kama ka?"

"Na bar shi a Gwaram, Alhaji."

"To, wannan karon ka ja wa mutanen Kano kunne."

Na durƙusa kusa da kujerar, na rage murya, na gaya masa cewa mutanen Kano ba su da laifi a wancan karon, ni ne na ɗaure kyamarar a bayan babur har ta buɗe, na kuma ji kunyar faɗa. Alhaji ya ce, "Hajiya ta so ta ga hoton nan." Sannan ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya. Tashi ka yi aikinka, rana na tafiya."

Jera mutanen gidan ya fi ƙetare rafin wuya. Wannan ta ce a jira ta ɗaura ɗankwali, wancan ya tsaya ƙiƙam kamar soja, jarirai suna karɓa-karɓar kuka. Na ɗauke su gaba ɗaya, na ɗauki Alhaji da 'ya'yansa, na ɗauke shi shi kaɗai. Na ƙarar da fim biyu, na naɗe su tun a wurin, na sa a aljihun jakar na mayar cikin riga.

Washegari na dawo ni kaɗai. Rafin ya janye, na karɓi tsohuwar jakata a wurin tela, aka sake jefa ta saman bas, ko waiwayarta ban yi ba. Fim ɗin kuwa ban ba direba saƙo ba kamar yadda na saba. Da kaina na kai Kano, na zauna a bencin masu wanki ina jan carbi har aka miƙo mini ambulan. Na buɗe a tsaye. Sun fito. Ga Alhaji a tsakiya, hularsa ta ɗan karkace, yana dariyar wani abu da wata jikarsa ta faɗa, kowace fuska tar. Na koma na zauna a bencin. Babban ɗan Alhajin ya zo ya karɓa ya kai, ya kuma aiko mini cewa tsohon ya riƙe hoton ya daɗe yana kiran sunayen mutanen ciki ɗaya bayan ɗaya.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Jakar mai hoto ba ta nuna wa jama'a ba ce. Ku nemi wadda ta yi daidai da kayan, mai soso, mai murfi, ku je da kyamarar ku gwada kafin ku biya, ku kuma rataya ta a jikinku, kada ku ba kariyar babur. Wanda kuma aikin mutane ya lalace a hannunsa, don Allah ya faɗa a ranar, tun ana iya komawa a sake ɗauka. Da na faɗa a lokacin, da na koma Maruta Hajiya na da rai. Kada ku yi irin nawa.